Daga Circle Zuwa Agbogbloshie: Abin Da Ke Cikin Kwalbar Mai Gyaran Waya

Duk baƙon da ya shigo Ankara daga Kumasi, ko Tamale, ko Bawku, da wuya a ce bai taka Circle ba. Sunan wurin a hukumance Shataletalen Kwame Nkrumah, amma direbobin tro-tro da yaransu sun gajarta shi tun da daɗewa, kowa kuma ya bi su. A watan Nuwamba na 1916 ba a san da shi ba. A watan Nuwamba na 2016 kuwa aka buɗe manyan gadojin sama da suka sake masa fasali, motoci na wucewa ta bisa, jama'a na cin kasuwa a ƙarƙashi. Daga nan hanya ɗaya ta nufi Kaneshie, ɗaya ta nufi Achimota da Nsawam, ɗaya ta shiga Adabraka zuwa tsakiyar gari, ɗaya kuma ta bi Ring Road ta gefen Kokomlemle har mutum ya isa mahaɗar da za ta kai shi Nima. Kogin Odaw yana ratsa gefen wurin, ko da yake wanda bai sani ba zai ɗauka wani babban lambatu ne.

A gindin wannan hayaniya akwai wani lungu da ake kira Tip Toe Lane. Nan ce babbar kasuwar wayar hannu ta birnin. Tun kafin ka shiga samari za su tare ka, wannan ya nuna maka waya a tafin hannu, wancan ya ja hannun rigarka yana tambaya ko gyara ka kawo. Ana Twi, ana Ga, ana Turanci, ana Ibo, ana kuma Hausa, domin 'ya'yan Nima da Mamobi da Sabon Zongo da Madina suna da yawa a ciki. A shekarar 1992 ne wayar hannu ta fara aiki a Gana, a lokacin kuwa sai wane da wane. A 2009 aka fara aika kuɗi ta waya. Yau mai sayar da koko da ƙosai ma jarinta a cikin waya yake, saboda haka in wayar ta mutu ba hira kaɗai ta tsaya ba, har cefanen gida. Wannan ne ya sa gyaran waya ya zama gonar samarin zongo, kuma duk malamin makaranta ya san yadda a kowace shekara ɗalibansa da dama ke ajiye biro su ɗauki sukurdireba.

Teburin mai gyara

Shagunan gyara a wannan lungu ƙanana ne ƙwarai. Wani kwantena ce aka raba biyu, wani kuwa tebur ne kawai da laima. A kan teburin za ka ga fitila, da madubin ƙara girman abu, da ƙarfen liƙi, da na'urar hura iska mai zafi, da tsinken ɗaukar ƙananan abubuwa, da tsohon buroshin haƙori. A gefe guda kuma akwai wata 'yar kwalba da ba wanda ke kula da ita. A kan wannan kwalba nake son in ja hankalin mai karatu.

Cikin kowace waya, ko rediyo, ko talabijin, akwai wani allo siriri, galibi kore, wanda masu gyara ke kira bod. An zana masa hanyoyi na tagulla masu sirantar gashi, an liƙa masa ɗaruruwan ƙananan kayayyaki da narkakken ƙarfe. A cikin waya tazarar da ke tsakanin wata hanya da maƙwabciyarta ba ta kai kaurin silin gashi biyu ba. Duk abin da ya zauna a wannan tazara, in yana iya ɗaukar lantarki, to ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

Ankara kuwa gari ne mai wahalar da irin wannan allo. Iskar teku na ɗauke da gishiri da laima shekara duka. Daga watan Afrilu zuwa Yuli ana ruwa, a watan Yuni har da ambaliya. Da hunturu ya shigo sai ƙura ta karɓa. Ga gumin aljihu, ga maiƙon kicin, ga masunta na Jamestown da Chorkor da wayoyinsu ke faɗawa teku. Idan ruwan gishiri ya taɓa allo alhali batir na ciki, lantarki yakan riƙa gutsurar ƙarfe daga wannan hanya yana tara shi wajen waccan, har wata tsatsa kore ko fara ta tsiro ta haɗa su. Shi ya sa waya kan yi aiki kwana biyu bayan ta jiƙe, a rana ta uku ta ɗauke. Masu binne ta a buhun shinkafa su sani shinkafa ba ta cire gishiri. Kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu iPhone da su daina, domin ɓurɓushinta na shiga ya ƙara ɓarna.

Akwai kuma dattin da mai gyaran da kansa ke bari. Kafin a liƙa ƙarfe sai an shafa wani mai da ake samu daga ƙaron itacen fayin, wanda ke share tsatsa don liƙin ya kama. Bayan an gama, ragowarsa na daskarewa ya yi danƙo, ya kama ƙura, ƙura ta sha laima. Dole a wanke shi. Da me za a wanke, nan ne zancen yake.

Kwalabe huɗu

Na yi yini biyu ina zagaya lungun a hutun ƙarshen zango, ina gaisawa da tsofaffin ɗalibaina, ina kuma leƙa kwalaben. Abin da ke cikinsu bai wuce iri huɗu ba.

Na farko fetur. Shi ya fi araha, kuma ana samunsa a kowace kwana. Yana narkar da danƙo nan da nan, amma yana barin maiƙo a kan allo, yana kumbura roba, yana sassauta gam ɗin da ke riƙe da kayan waya. Mafi muni, akwai sinadarin benzin a cikinsa, wanda hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Yana shiga jiki ta numfashi, yana kuma shiga ta fata. Yaron da ke tsoma yatsa a fetur sau ashirin a yini, kwana shida a mako, ba zai ji komai ba a bana sai ɗan ciwon kai da bushewar hannu. Lissafin yana zuwa ne daga baya.

Na biyu tina, irin ta masu fenti. Gauraye ce ta sinadarai masu ƙarfi kamar toluwin da zailin da asiton. An yi ta ne don ta narkar da fenti, saboda haka ba ta bambanta fenti da robar jikin waya. Tana cinye bakin soket na caji, tana goge rubutun da ke kan ƙananan kayan, tana dusashe madubin kamara. Tururinta na sa jiri da maye, kuma shaƙarsa shekara da shekaru na taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Na uku sifirit na kantin magani, wanda a wasu lokuta ake rina shi da shunayya. Ya fi waɗancan biyu sauƙi, amma akwai ruwa a cikinsa, rinin kuma na barin tabo. Sau da yawa ana garwaya shi da metanol don kada a sha, shi kuwa metanol abokin gabar jijiyar ido ne. A 2015 da 2016 wasu matasa ma'aikata a ƙananan masana'antun da ke ƙera sassan waya a Koriya ta Kudu sun rasa ganinsu saboda tururin metanol a ɗakunan da iska ba ta zagayawa, ba tare da sun kurɓi ko ɗigo ba.

Na huɗu shi ne wanda masana suka yarda da shi, watau aisofurofil, wanda ake rubuta IPA a jikin kwalbarsa. Wanda ya dace da allo shi ne mai ƙarfin kashi 99 cikin 100. Mai kashi 70, irin na goge fata kafin allura, kusan sulusinsa ruwa ne, yana jinkirin bushewa, yana iya maƙalewa a ƙarƙashin kayan allo. IPA na narkar da danƙon liƙi da maiƙo, yana haɗuwa da ruwan da ya ɓuya ya fito da shi, ya bushe cikin ɗan lokaci bai bar komai ba, kuma ba ya cin yawancin robobi. Ya fi fetur tsada, gaskiya ne. Amma 'yar kwalba guda na wanke alluna masu yawa, kuma kuɗin waya guda da tina ta lalata ya isa sayen na watanni. Araha dai ba ta ado.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada abin da aka sayar maka. Ɗiga ɗigo ɗaya a kan madubi mai tsabta ka jira. Idan ya tashi da sauri bai bar zobe ko maiƙo ba, alama ce mai kyau. Idan ya bar tabo a madubi, to haka zai bari a kan allon mutane.

Yadda na ga ana yi

A wani shago da ke can ƙuryar lungun na tarar da wani tsohon ɗalibina wanda yanzu shi ma maigida ne, da yara uku a ƙarƙashinsa. Ya ba ni kujera, ya ce, "Malam, zauna ka gani, yau ni zan ba da darasi." An kawo masa wayar da ta faɗa ruwa a bakin teku, na kuwa zauna na ga aikin daga farko har ƙarshe.

Abin da ya fara yi shi ne cire batir, tun kafin ya nemi sanin ko wayar na kamawa. Sa'an nan ya raba allon da gilashi, da kamara, da lasifika, domin IPA na iya kutsawa tsakanin ɓawon gilashi ya bar tabon da ba ya fita. Ya kashe ƙarfen liƙi da na'urar iska mai zafi, ya tura su gefe. Ya buɗe ƙofa sosai, ya juya fanka yadda iska za ta kwashe tururi daga fuskarsa ta yi waje da shi. Ya sa safar hannu ta roba mai suna naitiril, da tabarau.

Da yake ruwan teku ne, bai fara da IPA ba. Na tambaye shi dalili, ya ce gishiri ba ya narkewa sosai a cikinsa, sai a ruwa. Don haka ya fara ɗauraye allon da tataccen ruwa, irin wanda aka dafa aka tara tururinsa. Ruwan famfo da na leda ba su yi, saboda suna ɗauke da nasu gishirin. Wanda zai sayi tataccen ruwa wurin masu batirin mota kuwa ya tabbata ba mai asid aka ba shi ba, domin sau da yawa suna ɗaya ake kiransu da shi. Bayan nan ya zuba IPA kaɗan a murfi, ya rufe kwalbar nan take, ya riƙa tsoma buroshi mai laushi yana shafa wuraren da tsatsa ta fito, a hankali, allon a karkace don dattin ya gangara kan ƙyalle. Ya maimaita da sabon IPA har sau uku. Ya ce kuskuren yara shi ne su narkar da datti su bar shi ya bushe a wurin, sai ya zama sun shimfiɗa shi ne a ko'ina, allon ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari.

Daga ƙarshe ya hura masa iska mai ɗumi, ya ajiye shi na wasu sa'o'i, ya duba da madubi, kafin ya mayar da batir. Mai wayar na ta gaggawa, shi kuwa ya ce ta dawo da la'asar.

Wasu shagunan suna da wata 'yar tasa mai girgiza ruwa da sautin da kunne ba ya ji. Tana wanke ƙarƙashin kayan da buroshi ba ya kaiwa. Ruwa da sabulunta na musamman ake zuba mata. Cika ta da fetur ko tina ko IPA ganganci ne, domin girgizar na ɗumama ruwan tana tayar da tururi a kusa da lantarki. Masu gyaran talabijin da inbata, waɗanda suka yawaita tun zamanin dumsor na wajejen 2015, suna da ƙarin abin lura. Lantarkin gidajenmu bolt 230 ne, kuma babbar kafasita da ke cikin waɗannan na'urori na iya riƙe sama da bolt 300 bayan an zare su daga soket. Sai an sauke wannan caji an auna kafin buroshi mai jiƙe ya kusanci allon.

Maganar wuta

Kada mai karatu ya ɗauka IPA ba shi da haɗari. Guba ne in an sha, yana busar da fata, kuma yana kamawa da wuta. Daga zafin digiri 12 a ma'aunin Selshiyas yake fara fitar da tururin da tartsatsi zai iya kunnawa, a Ankara kuwa ko da asuba da wuya zafi ya sauka ƙasa da digiri 20. Fetur ya fi shi sharri, domin shi ko a cikin ƙanƙara tururinsa na kamawa. Tururin duka biyun ya fi iska nauyi, yana gangarowa ya kwanta a kan tebur da ƙasa, inda tarin wayoyin lantarki da janareta suke. Ƙarfen liƙi na aiki ne a sama da digiri 300. A yi tunanin kwantena mai ƙofa ɗaya, samari huɗu a ciki, buɗaɗɗiyar kwalba a tsakani.

Mutanen Circle ba su bukatar a yi musu dogon bayani kan fetur. A daren 3 ga Yuni 2015 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sa Odaw ya cika ya batse. Jama'a suka fake a wani gidan mai da ke daf da shataletalen. Fetur ya malalo ya hau kan ruwan ambaliya, wuta ta same shi ta biyo shi. Sama da mutum 150 suka rasu a daren. Darasin da ke ciki ya shafi ko da murfi guda na fetur a kan tebur: yana yawo a kan ruwa, don haka watsa masa ruwa yaɗa wutar yake yi. Bokitin yashi, ko tukunyar kashe gobara mai hoda, ko murfin ƙarfe da za a kifa a kai, su ne abin ajiyewa. Lambar 'yan kwana-kwana 192 ce, ta gaggawa baki ɗaya kuma 112.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan ruwaye ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar, a tafi asibiti. Idan yaro ya sha fetur ko tina, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, domin abin da ake tsoro shi ne ya faɗa huhu. Hanyar kauce wa wannan kuwa ita ce a daina zuba su a robar ruwan sha ko ta lemo. Kowace kwalba a rubuta sunan abin da ke cikinta.

Manyan masana'antu ma sun sha wuya kafin su koyi wannan. Shekaru da dama da wani sinadari mai suna CFC-113 ake wanke alluna a Amurka da Japan da Turai, domin ba ya kamawa da wuta, sai aka gano yana cinye rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina shi. A 2009 wata masana'anta a birnin Suzhou na ƙasar Sin ta koma goge gilashin waya da n-hexane saboda ya fi saurin bushewa. Ma'aikata 137 suka kamu da ciwon jijiya, kamar yadda kamfanin Apple ya amsa a rahotonsa na 2011. Neman sauri da araha ne ya jawo, irin wanda ke sa yaro a Tip Toe Lane ya miƙa hannu ga fetur.

Bin Odaw zuwa ƙasa

Wanda ya bi Odaw daga Circle ya nufi teku, ba da nisa ba zai isa Agbogbloshie, inda kogin ke shiga tafkin Korle. Shekaru da yawa nan ne maƙabartar kayan lantarki na birnin. Samari, akasarinsu daga arewacin ƙasar, suna fasa tsofaffin na'urori, suna ƙona wayoyin lantarki don su cire tagulla, suna ware alluna su sayar wa dillalai saboda ɗan zinariya da sauran ƙarafan da ke jikinsu. A 2013 ƙungiyoyin Blacksmith Institute da Green Cross ta Suwizalan suka sanya wurin cikin wurare goma mafi gurɓata a duniya. A watan Yuli na 2021 hukuma ta rushe filin, aka kuma mayar da 'yan kasuwar albasa, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ne masu kawo kaya daga Nijar, zuwa Adjen Kotoku. Aikin fasa kayan dai bai mutu ba, watsuwa ya yi zuwa wasu lunguna.

Dangantakar wannan wuri da teburin mai gyara a fili take. Allon da aka wanke da kyau ya ƙara shekara biyu ko uku yana aiki, allo ne da bai isa hannun mai guduma ba tukuna. Wanda tina ta cinye kuwa gobe yana cikin buhun bola. Haka kuma duk ragowar fetur da tina da aka tuttular a kwatar Tip Toe Lane, Odaw za ta shiga, ta wuce Korle, ta faɗa tekun da muke cin kifinsa. Gana ta yi doka kan sharar lantarki da abubuwa masu guba a 2016, watau doka mai lamba 917, amma doka ba ta tsayawa a bayan kowane shago. Ragowar da ƙyallayen da suka jiƙe a tara su a gwangwani mai murfi, nesa da wuta da hannun yara.

Kira ga iyaye da iyayen gida

Idan za mu kai yaro koyon sana'a, mun saba tambayar kuɗin shiga, da shekarun da zai yi, da halin maigidan. Ina roƙon iyaye su ƙara tambaya ɗaya: da me ake wanke allo a shagon nan? Su shiga su shaƙa da hancinsu, su duba ko akwai taga ko fanka, su ga ko yara na cin waake a kan teburin da ake liƙi, alhali tsohon ƙarfen liƙi kusan kashi 40 cikin 100 nasa dalma ce, wadda ke bin hannu ta shiga baki. Sabulu da ruwa kafin cin abinci sun isa su toshe wannan ƙofa.

Iyayen gida kuma, abin da yaro ya gani a hannunku shi zai yi har ya tsufa, shi zai kuma koya wa nasa yaran. Masu shago biyar ko goma za su iya haɗa kuɗi su sayi babban galan na IPA daga masu sayar da kayan ɗakin gwaji, su raba, farashin ya sauko. Mu malaman kimiyya na ƙananan sakandare, darasin narkewa da tururi yana cikin manhajarmu. Madubi ɗaya da ɗigo huɗu sun isa a nuna wa ɗalibai bambancin waɗannan kwalabe tun kafin su bar hannunmu. Shugabannin matasa na zongo su gayyaci 'yan kwana-kwana su zo su nuna yadda ake riƙe tukunyar kashe gobara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaran da za su cika Tip Toe Lane nan da shekara uku kuwa yanzu haka suna zaune a azuzuwanmu.